Wane aikin laburare ne za a iya sakar wa AI, wanne ne ba za a saka ba?

Mai_Katalog: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen Nuwamban 2022, kusan duk kamfanin da ke sayar wa laburare manhaja ya liƙa wa hajarsa ƙirƙirarriyar basira, wato AI. Kamfanin Elsevier ya fito da Scopus AI a farkon 2024, Clarivate ya saka mataimakin bincike a manhajojinsa na neman maƙalu, Primo da Web of Science, a shekarar, ƙungiyar laburare ta OCLC kuma tana amfani da na'ura wajen gano bayanan littattafai da suka maimaitu a WorldCat, katalog ɗin haɗin gwiwa na laburaren duniya. Ni a ganina aikin katalog, musamman ba wa littafi kan maudu'i (kalmomin da ke nuna abin da ya ƙunsa) da lambar da ke nuna wurinsa a kan kanta, ya kai a sakar wa na'ura. Littattafan da ke jibge suna jiran a shigar da su sun fi ƙarfin hannuwan da ake da su, kuma littafin da bai shiga katalog ba, a wajen mai karatu babu shi. Wanda yake ganin akwai matsala ya faɗe ta dalla-dalla: a wane mataki take, kuma me ke jawo ta.

Gurbi650: Wa alaikumus salam. Malam, mu raba abu biyu tukuna, don ana yawan haɗa su. Akwai manhajar hira irin ChatGPT, wadda ke haɗa kalmomi da kanta. Akwai kuma irin Annif, wadda Babban Laburaren Ƙasar Finlan ya gina ya sake ta kyauta. Ita Annif ba ta ƙirƙirar kan maudu'i, zaɓa take yi daga jerin da ka ba ta. Da farko za ka loda mata jerin kanun da kuke aiki da shi. Sai ka kawo tsofaffin bayanan da mutane suka riga suka sa wa kanu, ka raba su uku: kaso mafi girma na horarwa, ƙarami na daidaitawa, wani ƙaramin kuma ka ɓoye shi sai ranar gwaji. Idan ka miƙa mata sabon rubutu sai ta jero shawarwari, kowace da maki tsakanin 0 da 1. Kai ne za ka yanke guda nawa za a karɓa, da makin da duk abin da ya gaza shi za a watsar. Finlan ta buɗe Finto AI a kan wannan manhaja a 2020, Babban Laburaren Jamus ma yana aiki da ita tun 2022. Idan wannan kake nufi, akwai abin tattaunawa. Idan kuwa nufinka a ce wa manhajar hira ta rubuto cikakken bayanin MARC, wato tsarin gurabe masu lamba da ake rubuta bayanan katalog a ciki, za ta kawo maka kan maudu'i mai kama da na LCSH (jerin kanun Laburaren Majalisar Dokokin Amurka) sak, ka duba jerin ka tarar babu shi.

Mai_Katalog: Na farkon nake nufi. Amma na biyun ma kamfanoni sun fara sakawa a cikin manhajar katalog ɗin kanta, manhajar laburare ta Alma tana da shi.

Malama_Kundi: Ko na farkon ma akwai inda yake tuntuɓe, kuma ba laifin wanda ya gina shi ba ne. Na'ura tana ƙwarewa ne a kan kanun da ta gani sau da yawa. Kan da ya fito a bayanai dubu za ta kawo shi ko da yaushe, wanda ya fito sau uku kuwa da wuya ta ambace shi. To mafi yawan kanun da ke cikin kowane babban jeri irin masu fitowa sau uku ɗin nan ne. Abin da ke biyo baya shi ne littafi a kan wata cuta takamaimiya sai ya tashi da "Lafiyar al'umma" kawai. Ba ƙarya aka yi ba, amma mai neman cutar da sunanta ba zai same shi ba. Sannan sabon fanni da bai wanzu ba lokacin da aka yi tsofaffin bayanan, ba ta da inda za ta koye shi.

Na biyu, son kai da ke cikin tsarin da muka gada tana kwashe shi duka. Ku duba ajin 200, na addini, a tsarin Dewey na rarraba littattafai da lambobi: daga 220 zuwa 280 Littafi Mai Tsarki ne da Kiristanci, sauran addinan duniya kuma an cusa su a 290, Musulunci a 297. Laburaren Majalisar Dokokin Amurka sai a 2021 ya canza kan nan da ake ta ƙorafi a kansa na baƙin haure. Idan ka horar da na'ura da bayanan da aka yi kafin canjin ba tare da ka sabunta su ba, tsohon kan za ta ci gaba da kawo maka.

Alƙalami77: Wannan batu na sabunta bayanai kafin horarwa shi ne wanda ake tsallakewa. Tsaftace bayanan yakan fi horarwar kanta cin lokaci.

Ɗan_Saba: Duk wanda zai fara, don Allah kada ya manta da gurbi na 883 a MARC 21. Don wannan aikin aka yi shi. Alamar farko tana nuna yadda aka samu bayanin: 0 na'ura ce ta yi shi gaba ɗaya, 1 ta yi wani ɓangare, 2 ba na'ura ba ce. A $a ka rubuta sunan tsarin da ya samar da shi, a $c makin tabbaci, a $d ranar da aka yi, sai $8 ya ɗaure shi da gurbin da ake magana a kai, 650 na kan maudu'i ko 082 na lambar Dewey. Amfaninsa yana fitowa ne ranar da aka gano cewa wani samfurin, wato na'urar da aka horar, ya yi wata shida yana kuskure iri ɗaya. Idan akwai 883, bincike ɗaya zai fito maka da duk bayanan da abin ya shafa. Idan babu, sun gauraye da na hannu ke nan, kuma tunda laburare suna kwafar bayanai daga juna ta Z39.50, hanyar da katalog ke ɗauko bayani daga wani katalog, kuskuren zai yi ta yawo har inda ba ka zata ba.

Baba_Dewey: Ɗana Mai_Katalog, kowa a nan zai ce maka "na'ura ta ba da shawara, mutum ya duba". Maganar tana da daɗin ji, amma a tambaya wane irin dubawa. Mutumin da aka ajiye wa kanu biyar a allo, aikinsa ya danna amincewa, yana iya ganin wanda bai dace ba ya cire. Wanda ya kamata a saka ba a saka ba, shi ne ba ya gani, domin ba ya gabansa. Idan kuma shugabanni suka ninka adadin da ake so ya gama a rana saboda an kawo na'ura, ba zai ƙara buɗe littafin ba.

Ga yadda ake auna abin da gaske. A ɗebo littattafai 100 ba tare da zaɓe ba. A ba ƙwararre ya sa musu kanu bai ga na na'ura ba. Sai a kwatanta, a ƙirga abu biyu daban: cikin kanun da na'ura ta kawo nawa ne daidai, cikin waɗanda suka kamata kuma nawa ta kawo. Idan ka ɗaga makin karɓa, na farko zai gyaru na biyu ya faɗi. Idan ka sauke shi, akasin haka. A maimaita wannan duk lokacin da aka canza samfuri. Abin da ya fi damuna kuma shi ne masu tasowa. Wanda bai taɓa yin katalog daga tushe ba, da wane ido zai gane kuskuren na'ura?

Mai_Katalog: Baba, na karɓi batun gwajin. Amma littafin da aka sa wa kanu masu faɗi ai ya fi wanda ke cikin kwali ba a shigar ba.

Baba_Dewey: Ya fi, in dai an yi masa alamar cewa ba a gama ba. Tsorona kada na wucin gadi ya zama na dindindin.

Teburin_Tambaya: Ku masu katalog kuna da lokacin gwaji. A teburin tambaya matsalar ta riga ta iso. Mai karatu zai zo da jerin manazarta: sunan marubuci na gaske, mujalla ta gaske, shekara da lambar shafi, amma maƙalar babu ita a duniya. Dalili shi ne manhajar hira ba ta duba wani kundi, hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya take yi, kuma siffar manazarta abu ne mai sauƙin kwaikwayo. Ba ɗalibai kaɗai abin ke kamawa ba. A 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'in da ba su wanzu ba. A watan Mayun 2025 jaridar Chicago Sun-Times ta buga jerin littattafai 15 na karatun hutu, 10 daga ciki babu su, alhali an jingina su ga marubuta na gaske.

Hanyar tantancewa ba ta da tsawo. Idan akwai DOI, wato lambar shaida ta dindindin da ake ba maƙala, a liƙa shi a doi.org. Kada a tsaya a kan cewa ya buɗe, a duba ko taken da ya fito shi ne wanda ke takardar, don sau da yawa lambar ta gaske ce amma ta wata maƙala daban. Idan babu DOI, a nemi taken a Crossref, rumbun da ake yi wa maƙalu rajistar DOI, sannan a je shafin mujallar a buɗe kundi da fitowar da aka ambata a duba jerin abin da ke ciki. Littafi kuma a neme shi a WorldCat da katalog ɗin babban laburaren ƙasar da aka ce an buga shi. Sai a tambayi mai karatu a hankali inda ya samo jerin, ba da sigar tuhuma ba. In ya ji kunya ba zai dawo ba, kuma shi ne ya fi buƙatar dawowa.

Tawada_Ja: A ƙara da ISBN, lambar shaidar littafi. Na yanzu lambobi 13 ne, ka riƙa ninka su da 1 da 3 bi da bi, jimillar dole ta rabu da 10 ba saura. Na ƙirƙira yakan faɗi a nan. Amma wucewa wannan gwajin ba ya nuna lambar ta littafin ce.

Alƙalami77: To ai saboda wannan ne kamfanoni suka ce nasu ya bambanta, wai daga rumbunsu yake ɗauko amsa.

Malama_Kundi: Ya bambanta, gaskiya ne. Shi yana fara bincike ne a rumbu, ya ɗebo sakamako, sannan ya rubuta amsa daga abin da ya ɗebo. Don haka manazartar tana wanzuwa. Sai dai matsalar ta koma wani wuri. Na Primo, misali, majiyoyi biyar yake zaɓa, kuma daga tsakurensu, wato taƙaitawar da ke farkon maƙala, yake rubuta amsar, ba daga cikakkiyar maƙala ba. Tsakure kuwa ba ya ɗauke da iyakokin bincike, wato mutum nawa aka gwada da kuma inda sakamakon bai yi aiki ba. Sai jimla ta fito da ƙarfin da marubucin kansa bai ba ta ba, ga lambar manazarta a gefenta tana ƙara mata kwarjini. Kuma wasu manyan maɗaba'u ba su yarda a saka kayansu a ciki ba, mai karatu bai san an cire wani abu ba. Kafin a saya a yi wa kamfani tambayoyi a rubuce. Me ke cikin rumbun, me aka cire? Idan an janye maƙala, yana nunawa? Tun 2023 bayanan Retraction Watch, mai tattara jerin maƙalun da aka janye, suna hannun Crossref kyauta, ba su da uzuri. Sannan a yi tambaya ɗaya sau uku a ga ko majiyoyin suna canzawa.

Sabon_Shiga: Malamai, ina da tambaya. Idan malamin jami'a ya kawo aikin ɗalibi ya ce laburare ya duba masa ko AI ce ta rubuta, a karɓa?

Teburin_Tambaya: Kada a karɓa a matsayin hujja. OpenAI, kamfanin da ya yi ChatGPT, da kansa ya janye manhajarsa ta gano rubutun AI a watan Yulin 2023 saboda rashin daidaito. A shekarar ne masu bincike a Jami'ar Stanford suka gwada irin waɗannan manhajoji guda bakwai, suka ga fiye da rabin rubutun waɗanda Turanci ba harshensu na farko ba ne an ce na na'ura ne. Dalilin a fili yake: suna auna sauƙin hasashen kalmomi ne, wanda ya koyi harshe a makaranta kuma yakan yi amfani da kalmomi na yau da kullum. Jami'ar Vanderbilt ta kashe irin wannan na kamfanin Turnitin a watan Agustan 2023. Abin da laburare zai iya yi shi ne tantance manazarta, wannan ana iya tabbatar da shi.

Ɗan_Saba: Akwai wata fuska da ba a taɓo ba. Ko laburare bai ɗauki AI ba, ita ta zo ta same shi. Manhajojin da ke kwasar rubutu don horar da samfura suna afka wa katalog da rumbunan DSpace, inda jami'o'i ke ajiye kundaye da maƙalu, har sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da su, ta durƙushe. Wikimedia, mai kula da Wikipedia, ta ce daga Janairun 2024 nauyin saukar da hotuna da bidiyo daga wajenta ya ƙaru da kashi 50 cikin ɗari, galibi saboda su. Katalog ya fi shan wahala saboda matatun da ke gefen shafi: harshe, shekara, marubuci, nau'i. Matata 10 kacal, kowace a kunne ko a kashe, sun ba da haɗi 1,024 a kan bincike ɗaya, kuma kowane haɗi sabon aiki ne ga rumbun bayanai. Da yawansu ba sa kula robots.txt, fayil ɗin da ke gaya musu inda ba a so su shiga, kuma suna zuwa daga dubban adireshi, kowane ya yi buƙata ɗaya ko biyu, don haka toshe adireshi ɗaya-ɗaya ba ya magani. Abin da ke taimakawa: a taƙaita yawan matatun da baƙo zai haɗa a lokaci guda, a sa shinge irin Cloudflare ko Anubis a gaban shafukan bincike kaɗai. A bar ƙofar OAI-PMH, wadda aka tanada don tattara bayanan rumbu, a buɗe, in ba haka ba masu tattara bayanai na halal su ma za su daina ganin ku.

Gurbi650: A gwada shingen da manhajar karanta allo ta makafi kafin a kunna. Ana yawan rufe su a waje ba a sani ba.

Mai_Sikan: Inda na ga amfanin ya fi fitowa fili shi ne karanta tsofaffin takardu. Rubutun hannu da a da sai mutum ya zauna ya kwafa, yanzu Transkribus, na wata ƙungiya a Innsbruck ta Ostiriya, yana iya koyon hannun marubuci. Shawararsu ita ce a kwafa kalmomi 5,000 zuwa 15,000 da hannu, kamar shafi 25 zuwa 75, a ware kashi 10 cikin ɗari na gwaji. Don rubutun da ke tafiya daga dama zuwa hagu akwai eScriptorium da Kraken. Hoton ya zama aƙalla ɗigo 300 a inci, 400 ko fiye in haruffan ƙanana ne, a ajiye na asali a TIFF. Kuma a fara gyara layuka kafin a karanta, don in na'ura ta haɗa layin gefe da na tsakiya duk abin da ya biyo baya ya lalace.

Amma a lura da alƙaluman da ake nunawa. Kuskuren harafi kashi 5 cikin ɗari kamar ba komai ba ne. A shafi mai haruffa 2,000 kuwa haruffa 100 ne, kuma kalma mai haruffa shida kusan ɗaya cikin huɗu za ta fito da aibi. Sunayen mutane da garuruwa, waɗanda su ake nema, su suka fi lalacewa. Samfurin da bai san haruffa masu lanƙwasa ba zai mai da ƙ ta zama k, ɗ ta zama d, wani lokaci ɓ ta zama 6.

Tawada_Ja: Wasu suna miƙa sakamakon ga manhajar hira ta gyara.

Mai_Sikan: Nan ne haɗarin yake. Kuskuren OCR, wato manhajar da ke karanta rubutu daga hoto, mummuna ne, ido yana kama shi. Gyaran manhajar hira kuwa sumul yake fitowa: za ta canza tsohon salon rubutu, ta cike gurbin da tawada ta goge da abin da take zato. In za a yi, a ajiye matakai uku daban, hoto da ɗanyen sakamako da gyararre, a nuna wa mai karatu wanne yake gani. Haka Whisper, mai mai da magana rubutu, yake a wajen sauti, yana iya saka jimlar da ba a faɗa ba a inda aka yi dogon shiru.

Hajiya_Amana: Ni sirrin mai karatu ne ke hana ni sakewa. Ƙa'idar aikinmu ita ce abin da mutum ya ara ko ya nema amana ne. Manhajar laburare ta Koha ma tana da saitin AnonymousPatron da aikin da ke goge sunan mai aro daga tarihin aro bayan an dawo da littafi. To ga akwatin hira a shafin laburare, mutum yana rubuta cikakkiyar jimla a kan ciwonsa ko bashinsa ko shari'arsa, rubutun kuma yana tafiya sabar wani kamfani, daga can ya wuce ta kamfanin da ya mallaki samfurin. Dole yarjejeniya ta faɗi kwana nawa ake ajiye tambayoyi, ko ana horar da samfuri da su, su wane ne na waje da ke gani, da kuma ko laburare zai iya kashe abin. Wannan na ƙarshen a dage a kansa, don wasu suna kunnawa ne a sabuntawa ba tare da an nema ba. IFLA, ƙungiyar laburare ta duniya, ta yi wannan gargaɗin tun 2020, kafin a san ChatGPT.

Alƙalami77: Hajiya, yarjejeniyar tana da wani gefen kuma. Maɗaba'u sun fara saka sharaɗin hana amfani da AI a kan mujallun da laburare ya biya kuɗinsu, har ICOLC, gamayyar ƙungiyoyin haɗin gwiwar laburare, ta fitar da sanarwa a 2024 tana ƙin amincewa. A shekarar ne kuma aka ji Taylor & Francis ya ƙulla cinikin dala miliyan 10 da Microsoft, marubutan ba a tambaye su ba. Kada a sa hannu a sharaɗin da zai ɗora wa laburare laifin abin da mai karatu ya yi a kwamfutarsa, babu yadda za a yi a sa ido a kan haka sai an karya sirrin da kika ambata.

Uwar_Kanta: Masu sayen littattafai ma su buɗe ido. A Satumban 2023 Amazon ya taƙaita masu buga littafi da kansu zuwa sababbin littattafai uku a rana. Shekarar ce aka yi ta gargaɗi a kan littattafan gane naman kaza na daji da na'ura ta rubuta, abin da kuskure a cikinsa kisa ne. Suna shigowa ne ta tarin littattafan intanet da ake saya dunƙule ba a zaɓa ɗaya-ɗaya ba. Alamominsu: marubuci marar tarihi da ya fitar da littattafai da yawa a fannoni marasa alaƙa cikin 'yan watanni, babu edita, babu manazarta ko kuma na ƙarya.

Mai_Katalog: Mun yi nisa da katalog, amma na ƙaru. Har yanzu ina kan cewa a fara. Norwe da Suwidin manyan laburarensu da kansu suke horar da samfura daga taskarsu, Harvard ta saki littattafai kusan miliyan ɗaya da haƙƙin mallakarsu ya ƙare a 2025. Zama a gefe ba zai hana komai ba.

Gurbi650: In za a fara, a fara da kundayen digiri da maƙalu na intanet, masu cikakken rubutu da tsakure, waɗanda dama ba mai sa musu kanu. Adabi da littattafan addini da na yara a bar wa mutane tukuna, don take da gabatarwa ba sa faɗin abin da ke ciki.

Baba_Dewey: Norwe da Suwidin suna da ma'aikatan da aikinsu ke nan, da bayanai masu tsafta na shekaru. Ƙaramin laburare mai bayanai dubu biyar da aka kwafo daga wurare daban-daban ba shi da abin horarwa.

Malama_Kundi: Sai dai a haɗa kai, laburare da yawa masu jeri ɗaya su tara bayanansu. Amma kafin nan sai an daidaita yadda kowa ke rubuta kanu. Ɗan_Saba, idan an tara daga Koha daban-daban, gurbi na 883 yana tsira a wajen fitarwa da shigarwa, ko sai an ƙara shi a tsarin gurabe na kowane laburare?

Ɗan_Saba: A duba tsarin kowane ɗaya tukuna. Gurbin da ba a bayyana a tsarin ba yana iya ɓacewa da zarar wani ya buɗe bayanin a allon gyara ya adana. A gwada da bayanai goma, a fitar a shigar a gyara ɗaya, sannan a sake fitarwa a kwatanta.